Keken dutse yana kawo kuɗi, to aljihun wa suke shiga? Zare 🧵

1/ Duk sanda aka ɗora bidiyon Turawa suna gangarowa daga tsauni a kan keke, aka rubuta cewa abin yana kawo wa gari miliyoyin daloli, masu sharhi kan rabu biyu. Wasu dariya: "Keke kuma? Aikin banza." Wasu kuma: "Gwamnati ta yi mana irinsa a Jos da Mambila." Da duka ɓangarorin biyu nake da magana. Ku biyo ni.

2/ Ga matsayina tun da wuri, kada wani ya gaji a hanya. Kuɗin gaskiya ne. Sai dai dutse ba ya biyan kowa ko sisi. Abin da ke biya shi ne kwanan da baƙo ya yi a gari, kuɗin kwana kuwa na mai ɗaki ne. Garin da ya saki ɗakunansa da turbarsa zai sha ƙurar baƙi, kuɗin su wuce ta kansa.

3/ Mu fara da masu dariya. Abin da ake magana a kai shi ne hawan keke a kan siririyar turba cikin daji da duwatsu, ba kwalta. A Kalifoniya ta Amurka aka fara shi a shekarun 1970, matasa suna gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga tsauni. Zuwa 1996 ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

4/ Keken kirki na wannan harka yana kaiwa dala dubu biyu, dubu biyar, har sama. Ku tsaya ku yi tunani. Mutumin da ya zuba wannan kuɗin a keke ba zai bar shi a ɗaki yana tsatsa ba. Dole ya nemi inda zai hau shi. Zai biya jirgi, zai biya masauki, zai ci abinci. Nan kasuwar take.

5/ Misalin da aka fi yawo da shi shi ne Derby, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostireliya. Garin haƙar kuza ne. Eh, kuza, irin wadda ta gina Jos da Bukuru. A zamanin ganiyarsa mutanensa sun kai dubbai.

6/ A 1929 madatsar ruwan da ke saman garin ta ɓalle, mutum 14 suka rasu. Daga baya haƙar kuzar ta mutu, jama'a suka watse neman abinci. Ƙidayar 2016 ta samu mutum 173 kacal a Derby. Gidaje ana neman mai saye babu. Duk wanda ya san tsofaffin unguwannin 'yan kuza a Filato ya san wannan hoton.

7/ Sai ƙaramar hukumar yankin, Dorset, ta samo tallafi, mafi yawansa daga gwamnatin tarayyarsu, aka kashe kimanin dalar Ostireliya miliyan 3 wajen sassaƙa turbobin keke a dajin da ke kewaye da garin. Aka buɗe a 2015 da sunan Blue Derby. Yau turbobin sun haura kilomita 100.

8/ Cikin shekara biyu, a 2017, gasar duniya ta Enduro World Series ta sauka a garin, ta sake dawowa a 2019. Ƙiyasin da aka yi ta yaɗawa a shekarun nan shi ne baƙi wajen 30,000 a shekara, da kuma kimanin dala miliyan 30 da ke shiga tattalin arziƙin jihar Tasmaniya duk shekara.

9/ Miliyan 3 sau ɗaya, miliyan 30 duk shekara. Ko da ka raba ƙiyasin biyu don gudun zuzutawa, ka nuna min titi ko gadar sama ko ɗakin taro da ya taɓa mayar da irin wannan. Mai dariya, har yanzu aikin banza ne? Ɗan hakin da ka raina fa.

10/ Kuma ba Derby kaɗai ba. Moab a jihar Yuta ta Amurka garin yuraniyom ne, ya bunƙasa a shekarun 1950, masana'antar sarrafa shi ta rufe a 1984, gari ya kwanta. Turbar Slickrock da aka shata wa masu babur a 1969 ita masu keke suka gano, sunan garin ya sake tashi a duniya.

11/ A kudancin Sikotland, cutar shanu da tumaki ta ƙafa da baki, wadda makiyayanmu ke kira boru, ta durƙusar da karkara a 2001. Aka kashe dabbobi, aka rufe hanyoyin daji, baƙi suka ɗauke ƙafa. Cikin abin da aka yi don farfaɗo da yankin har da cibiyoyin keke bakwai a dazukan gwamnati, ana kiransu 7stanes.

12/ Ɗaya daga cikinsu, Glentress, ita ta karɓi ɓangaren tseren daji na gasar keke ta duniya a 2023. Kun lura da abin da ya haɗa wuraren nan uku? Duk inda sana'ar gado ta mutu ne aka bar mutane da dutse da daji. Keke ya mayar da abin da ya rage ya zama jari. To na gama da masu dariya.

13/ Yanzu masu "a yi mana irinsa". Ku ne kuka fi ba ni tsoro wallahi, domin ku za a saurara. Mai dariya ba ya jawo asara. Mai zumuɗi shi ke ba ɗan siyasa hujjar fitar da kwangila. Kafin mu roƙi abu, mu fara sanin ta inda kuɗin ke shigowa da ta inda suke zurarewa.

14/ Turbar kanta ba ta kawo kuɗi. A Derby hawa kyauta ne, babu mai tsayawa a ƙofa da tikiti. A Glentress ma kuɗin ajiye mota ake biya, turba kyauta. Wanda ya gina ba ya samun kuɗinsa daga masu hawa kai tsaye. Duk ribar tana cikin gari: gado, abinci, hayar keke, gyara, motar da ke kai mutane saman dutse.

15/ Bari in ba da misali da naira, lissafin kaina ne kawai don a fahimta. A ce baƙo ya zo da safe da motarsa, da ruwansa, da abincinsa a kula. Ya hau keke awa huɗu, ya sayi lemo da tsire na dubu biyar, ya koma gida. Garin ya samu dubu biyar da shara.

16/ Wani kuma ya kwana huɗu. Ɗaki dubu ashirin kullum, abinci dubu goma sha biyar, ɗan jagora da gyaran keke da tsaraba dubu arba'in gaba ɗaya. Dubu 180 ke nan. Mutum ɗaya mai kwana huɗu ya yi daidai da masu zuwa su koma 36. Shi ya sa ƙirga kawunan baƙi yaudara ce. Kwana ake ƙirgawa.

17/ Me ke sa mutum ya kwana huɗu? Turba mai yawa da ba za ta ƙare a yini ɗaya ba, mai matakai daga ta ɗan koyo zuwa ta gwani, wadda ke farawa daga cikin gari ta ƙare a cikin gari. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin Derby: kana saukowa daga dutse sai ga ka a gaban shago da yunwa.

18/ In aka kai turbar can nesa, aka kewaye ta da katanga, aka gina otal ɗaya a ciki, to an kashe maganar tun kafin a fara. Baƙo zai shiga ta get ya fita ta get. Mai shayi, mai masa, mai faci, babu wanda zai ga fuskarsa. Kuma mun san irin wannan tsarin ne shugabanninmu suka fi so, don shi ke da kintinkirin yankawa.

19/ Sai alƙaluman da ake ruɗa mu da su. Ku ɗauki Bentonville da kewayenta a arewa maso yammacin jihar Akansas, mahaifar kamfanin Walmart. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya ce keke ya amfanar da yankin da dala miliyan 137 a shekarar 2017. Wannan adadin shi ake ta maimaitawa.

20/ To buɗe cikinsa. Miliyan 86 daga ciki ƙiyasin amfanin lafiya ne, wato abin da aka lissafa an tsira da shi saboda mutane suna motsa jiki. Miliyan 51 ne na kasuwanci. A cikin wannan ma, abin da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka kashe kimanin miliyan 27 ne. Daga 137 mun sauko 27.

21/ Ban ce lafiya ba ta da daraja ba. Amma ba a biyan hayar shago da ita. Wanda ya ɗauki 137 ya ce "ga abin da baƙi ke kawowa" ya ninka gaskiya sau biyar. Kuma gidauniyar iyalan Walton, masu Walmart, ita ta zuba dala miliyan 74 wajen gina hanyoyin, ita ce kuma ta ɗauki nauyin binciken.

22/ Wannan bai sa binciken ya zama ƙarya ba. Yana dai nufin ka tambayi wa ya biya kuɗin lissafin kafin ka yi tafi. Yana kuma nufin Bentonville ba abin kwaikwayo ba ce ga kowa, sai garin da ke da ɗaya daga cikin iyalai mafi arziƙi a duniya zaune a cikinsa suna son keke.

23/ Abu na biyu: "an kashe miliyan kaza a gari" daban, "miliyan kaza sun zauna a gari" daban. Man da aka sha daga waje aka kawo shi. Kayan gyaran keke daga waje. Kamfanin da aka kama ɗaki ta manhajarsa ya cire kasonsa. In mai gidan ma a babban birni yake zaune, kuɗin hayar ko kwana ɗaya ba za su yi a garin ba.

24/ Derby ɗin da muke yabo ta ɗanɗana wannan. Da sunan garin ya tashi, masu kuɗi daga wasu wurare suka saye gidaje suka mayar da su masaukin Airbnb. Farashi ya ninka ya sake ninkawa. Wanda ya sayar da wuri ya yi murna, daga baya ya ga abin da ya saki. Masu aikin dafa abinci da shara suka rasa inda za su kama haya a garin.

25/ A Moab abin ya fi haka tsanani. Gari ne na mutum wajen 5,000 da ke karɓar baƙi masu ɗimbin yawa, har wasu ma'aikata suna kwana a mota saboda tsadar haya. A 2019 hukumomin garin da na gundumar suka dakatar da ba da izinin gina sababbin masaukan baƙi na wani lokaci. Garin da ke rayuwa da baƙi ya ce a tsaya haka.

26/ Whistler ta Kanada, wadda ta buɗe filin kekenta a 1999 kuma take karɓar bikin Crankworx tun 2004, ita ce ake wa kallon uwa a harkar. Kamfanin da ke tafiyar da dutsen fa? Vail Resorts na Amurka ya saye shi a 2016. Tikitin da ka saya a Kanada, ribarsa tana da hanyar zuwa Kolorado.

27/ Haka Cape Epic ta Afirka ta Kudu, tseren kwana takwas da aka fara a 2004, wanda ya fi kowane tseren keken dutse suna a nahiyarmu. A 2016 kamfanin Ironman mai hedikwata a Amurka ya saye shi. Duwatsun na nan, ƙauyukan na nan, ƙurar na nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

28/ Amma a ba Whistler haƙƙinta. Tun 1997 ta kafa hukumar gidaje ta musamman, da burin aƙalla kashi 75 cikin 100 na ma'aikatan garin su samu wurin zama a cikinsa, a gidajen da aka ƙayyade farashinsu. Sun gane cewa kasuwa in an sake ta za ta kori mai yi wa baƙo hidima. Doka suka sa, ba addu'a kaɗai ba.

29/ Abu na uku, wanda ba ya fitowa a bidiyo: gyara. Turbar ƙasa ce. Ruwa yana cinta, tayoyi suna cinta, bishiya tana faɗowa a kai. In ba a bi ta da shebur da diga duk mako ba, damina biyu sun isa su mayar da ita kwazazzabo. A 2022 ruwa mai yawa ya jawo zaftarewar ƙasa a Derby, ya lalata wani sashe na turbobin.

30/ Ga matsalar: turba kyauta ce, gyaranta ba kyauta ba. Mai otal yana cin riba, hukuma tana biyan leburori. Ranar da asusun hukuma ya yi ƙasa, abin da za a fara yankewa ke nan. Kuma kada ku ce wannan halin Afirka ne.

31/ Coed y Brenin a Wales tana cikin wuraren farko da aka gina turbobin keke na musamman a Birtaniya, tun shekarun 1990. A ƙarshen Maris 2025 hukumar da ke kula da dajin ta rufe shago da wurin cin abinci na cibiyar baƙinta saboda giɓin kasafi. Turbobin na buɗe, amma ka ga inda aka fara.

32/ In Birtaniya ta kasa riƙe shagon shayi a wurin da ya yi suna haka, mu da muka san kanmu fa? Ku tuna Obudu a Kuros Riba. A 2005 aka kafa motar igiya mai hawa da mutane saman dutse, aka fara tseren gudu na duniya mai kyautar dala 50,000 ga zakara. Duniya ta zo.

33/ Gwamnati ta sauya, sha'awa ta sauya. Motar igiyar ta shafe shekaru tana tsaye, tseren ya ɓace daga kalanda. Dutsen Obudu bai rage tsawo ba, sanyinsa bai ragu ba. Abin da ya ɓace shi ne mai kula. Duk wanda zai kawo mana maganar keke a Mambila ya fara amsa tambayar Obudu.

34/ Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In masaukai da gidajen abinci ne ke cin moriyar turba, to wani ɗan kaso na kuɗin kowane kwana ya tafi asusun gyaranta, asusun da 'yan gari ke gani da idonsu. In babu wannan tun ranar farko, a bar dajin yadda Allah ya yi shi.

35/ Abu na huɗu: ƙasar wa za a bi? A Sikotland dokar 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa fili da ƙafa ko keke ko doki, da sharaɗin ya kiyaye, ban da harabar gidan mutane da gonar da ke da shuka. An rubuta, kowa ya san iyakarsa. Mai keke ya san inda zai tsaya, manomi ya san abin da zai kai ƙara a kai.

36/ A Rotorua ta Niyu Zilan, dajin Whakarewarewa da masu keke ke tururuwa cikinsa, ƙasarsa ta koma hannun ƙabilun Mawori ƙarƙashin yarjejeniyar 2008. Masu asalin wurin su ne masu ƙasa, da su ake zama a yanke shawara. Wannan shi ne bambancin mai gida da ɗan kallo.

37/ Yanzu ku kawo wannan Filato ko Mambila, inda maganar fili, gona da burtali ta riga ta ci rayuka. Wani ya zo daga Abuja da taswira ya ja layi ta cikin gonar dankali da hanyar shanu, ya ce turbar baƙi ce. Me kuke zaton zai biyo baya? Da ɗan gari akan ci gari. In ba a zauna da manomi da makiyayi da mai unguwa ba, rigima aka gina.

38/ Sai babbar giwar: tsaro. Babu mai ɗaure keken dala dubu biyar a mota ya bi hanyar da ake sace mutane. Ƙasashen da muke hangen baƙinsu suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa jihohi da dama na Arewa. Wannan ba a gyara shi da talla ko bidiyo mai kiɗa. Mai keke yana shiga daji shi kaɗai ko su biyu, awanni, babu sabis.

39/ Kuma ku daina hangen Bature. Glentress tana rayuwa ne saboda tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Edinbara. Baƙin Derby galibinsu 'yan Ostireliya ne. Bentonville Amurkawa ne ke cika ta. Duk inda abin ya yi nasara, 'yan ƙasa ne suka fara riƙe shi, baƙin waje suka biyo suna.

40/ Ma'ana in har Jos za ta ci wannan kasuwa, abokin cinikinta na farko yana Abuja da Kaduna da Kano da Legas: ma'aikaci mai ɗan hali da ke neman inda zai huta Juma'a zuwa Lahadi ya sha sanyi. Masu hawan keke don motsa jiki sun riga sun wanzu a biranen nan. Su za a fara tambaya me zai sa su kwana biyu.

41/ In kuna son misali daga nahiyarmu, ku dubi Ruwanda. Turbar Congo Nile, kilomita 227 a gefen tafkin Kibu daga Rubavu zuwa Rusizi, an ƙaddamar da ita a 2011. Mafi yawanta hanyoyin ƙauye ne da suke nan tun da, cikin gonakin shayi da kofi. Kimanin kwana biyar ake yi a keke.

42/ Kwana biyar, jama'a. Kwana biyar na gado da abinci da ɗan jagora, a ƙauyuka daban-daban, ba a otal ɗaya ba. Ba su fara da gini ba. Sun fara da tsaro, alamomin hanya da wuraren kwana. A Satumba 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a kan titi, karo na farko a Afirka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

43/ Na san me za a rubuta a ƙasa. "Mutane na yunwa kana maganar keke." Yo ai maganar yunwar nake. Mai faci, mai abinci, ɗan acaɓa da zai kai kaya, matashin da ya san kowane lungu na dutsen Shere, su ne za su ci ko su rasa. Tambayar ita ce ko za a tsara abin don su, ko don mai kwangila.

44/ Wani zai ce "to kai ba ka so a yi ke nan." Ina so. Duwatsun Shere sun haura mita 1,800. Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, shi ne mafi tsawo a Najeriya. Ga sanyi, ga tsofaffin hanyoyin 'yan kuza. Tun faɗuwar farashin kuza a 1985 ake neman abin da zai maye gurbinta. Kayan aikin na nan.

45/ Abin da ba na so shi ne a ɗauki adadin Derby a manna a takardar kasafi, a fitar da biliyoyi, a gina get mai hoton keke da otal mai hawa uku, a yanka kintinkiri, a tafi. Bayan shekara biyar awaki na kwana a barandar, sai a ce "ai mutanenmu ba su waye ba." Alhali ba a taɓa tambayarsu ba.

46/ Don haka duk ranar da wani kwamishina ko ɗan majalisa ko mai kamfani ya zo da wannan magana, ga tambayoyi biyar. Ku ajiye su:
1. Kwana nawa baƙo zai yi, me zai riƙe shi?
2. Ɗakunan na su wa ne?
3. Wa zai biya gyara a shekara ta biyar?
4. Masu gona da masu shanu sun yarda, a rubuce?
5. Wa ya biya kuɗin binciken da kake karanto mana?

47/ In ya amsa biyar ɗin, ku mara masa baya, ni ma zan zo da shebur. In ya fara da "a Amurka yana kawo dala miliyan 137", ku tambaye shi nawa ne na baƙi a ciki. In ya yi shiru, kun san bai karanta ba. In ya fusata, kun san ya karanta.

48/ 'Yan Jos, 'yan Gembu, 'yan Kagoro, ku da kuke zaune a gindin duwatsun nan, ku nake son ji. A unguwarku wa ke da ɗakin da zai iya saukar da baƙo gobe? Wa ya san turbar da ba ta taɓa gonar kowa? Ku amsa a ƙasa. Masu zagi kuma ku zo da adadi, a yi ta a fili.